Da za a dawo da shan mai a tsakiyar tseren motoci na F1, obatekin, wato wuce mota a kan hanya, zai ƙaru kuwa?

Dan_Kurna44:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya ce dani ga manyanmu da suka daɗe suna kallon F1, dan ni sabon shiga ne, sai a 2021 na fara bi sosai lokacin da Hamilton da Verstappen suka riƙe wa juna wuya har tseren ƙarshe. Tun daga nan nake komawa YouTube ina kallon tsofaffin tsere na zamanin Schumacher da Hakkinen da Alonso yana Renault, kuma abinda yafi ɗaukar hankalina shine yadda mota zata shigo gareji a kafa mata wata ƙatuwar mesa a ɗura mata mai ta fice da gudu. Motocin ƴan ƙanana ga ƙara, direba tun daga tashi har tuta ƙafarsa na kan totur.

Yanzu kuwa in ka saurari rediyon direbobi ba abinda kake ji sai lallaɓa taya, ɗaga ƙafa kafin kwana, bar tazara taya ta huce. An cika ma mota tanki tun farko tayi nauyi, kowa jira yake ya shiga gareji sau ɗaya ya saka taya mai tauri shikenan a bi layi har a gama. Ku duba Monako 2024, aka ɗaga jar tuta aka tsayar da tsere a zagayen farko kowa ya canza tayarsa a bagas, daga nan babu wanda dole ta kama ya sake tsayawa, goman farko yadda suka tashi haka suka gama. Da akwai shan mai ai dole kowa ya tsaya ko yana so ko baya so.

To tambayata biyu ce a haɗe, in aka dawo da shan mai obatekin zai ƙaru? Sannan dabarar tim tim zata fi ta yanzu daɗin kallo? Ni a raina gani nake eh, amma hailait kawai nake kallo na wancan zamanin, shi yasa nake so inji ta bakin waɗanda suka zauna suka kalli tseren daga farko har ƙarshe. Dan Allah ayi min bayani dalla dalla.

Tsohon_Maranello:

Wa alaikumus salam ɗana, kayi tambaya mai kyau. Ni zamanin nan gaba ɗaya a kan idona akayi shi, daga 1994 da aka dawo da shan mai har ƙarshen 2009 da aka soke, kuma ni ɗan Ferrari ne, a ciki muka ci kambun direbobi biyar a jere daga 2000 zuwa 2004, kaga ba wanda ya kaini son wancan lokacin. Amma maganar obatekin amsar itace a'a, bazai ƙaru ba, raguwa ma zaiyi.

Hailait bazai taɓa nuna maka zagaye ashirin ɗin da mota mai gudu tayi tana bin bayan marar gudu ba tare da ta ko leƙa gefe ba. Kuma ba tsoro bane ya hana direban, lissafi ne. Ka saka kanka a kujerarsa, kana bayan mutum kafi shi gudu, sai injiniyanka yace maka a rediyo wannan na gabanka zai shiga shan mai zagaye uku kafin kai. To me zai kaika ka kutsa masa a kwana ka karya fiffike ko ka fasa taya? Zama zakayi a bayansa kana tattalin manka, yana shiga gareji hanya ta buɗe, a lokacin tankinka ya kusa ƙarewa motar ba nauyi, shi kuma zai fito da tanki cike yana jan ciki, sai ka bata wuta zagaye ukun nan iya ƙarfinka ka shiga ka sha naka ka fito a gabansa. An wuce shi amma ba wanda yaga inda aka wuce shi, abinda kyamara zata nuna kawai mota na fitowa daga layin gareji ɗayar tana tahowa daga nesa.

Misalin da yafi kusa da zuciyata Suzuka 2000. Ferrari rabonta da kambun direba tun 1979, Hakkinen ya ƙwace gaba tun a tashi Schumacher na biye dashi, motoci biyu mafiya gudu da direbobi biyu mafiya iyawa, ga yayyafi yana sauka kaɗan kaɗan. A ina aka raba gardama? A tsayawa ta biyu. Hakkinen ya riga shiga, Schumacher ya ƙara zagaye uku a waje da tanki marar nauyi, ya shiga ya fito a gaba, shikenan kambu. Wallahi ranar nayi murna sosai, amma ko sau ɗaya basu jera taya da taya suna neman kwana ba.

Haka Faransa 2004 da kowa ke yabo, Schumacher ya tsaya sau huɗu ya doke Alonso a Magny-Cours. Lissafi ne na ban mamaki ba musu, amma dalilin da yasa Ferrari sukayi haka shine sun san bazai iya wuce Renault ɗin a kan kwalta ba, sai suka zagaye shi ta gareji. Obatekin ɗin kirki da na tuna a ranar shine wanda Barrichello yayi ma Trulli a zagayen ƙarshe ya ƙwace na uku.

Ga kuma wata matsalar, daga 2003 da man da zaka fara tsere kake yin kwalifayin, wato gwajin gudu da ke raba ma kowa wurin tashi, sai mota marar gudu ta zuba mai kaɗan ta hau gaba ranar Asabar, ranar Lahadi ta tsare ma kowa hanya. Trulli har sunan jirgin ƙasa aka laƙaba masa saboda layin motocin dake taruwa a bayansa. Baharen 2009 Toyota biyu suka tashi a sahun gaba da mai kaɗan, aka shiga gareji aka fito sai ga Button a gaba.

Mai_Totur:

Baba Maranello da girmanka amma ni ban yarda ba, kuma nima na kalli zamanin. Ka ɗauki laifin iska da taya ka ɗora ma mai. A 1998 aka rage faɗin mota daga mita 2 zuwa 1.8 aka kuma kawo tayoyi masu tsaga tsaga waɗanda aka yi ta amfani dasu har 2008, wato an rage riƙon da taya ke bayarwa an bar mota ta dogara kacokan da fukafukai, kuma kowa yasan in ka matso bayan wata mota iskar da take bari a hargitse take, fiffikenka na gaba ya daina danne ƙasa, ka juya sitiyari motar taƙi shiga kwana. Wannan ne ya hana obatekin. Direbobi sun koma jiran gareji ne dan babu wata hanyar, ba wai gareji ne ya hana su ba.

Hujjata kuwa 2010 ce. An soke shan mai, tseren farko a Baharen duniya gaba ɗaya tayi ta ƙorafi saboda kowa ya tsaya sau ɗaya aka jera. Tseren ƙarshe a Abu Dabi kuma Alonso ya maƙale a bayan Petrov har aka ɗaga tuta, kambu ya suɓuce masa ya tafi hannun Vettel. Babu mesa babu mai a wajen, me yasa bai wuce ba? Da zamanin shan mai ne ma aƙalla Ferrari na da wata tsayawar da zasu gwada wani abu da ita. Masu cewa adadin obatekin ya ƙaru a 2010 su tuna a shekarar ne sababbin tim uku suka shigo, Lotus da Virgin da HRT, motoci shida da kowa ke wucewa kamar suna tsaye. A 2011 kuma aka kawo DRS, wato maɓallin buɗe fiffiken baya dan ƙara gudu, da tayar Pirelli mai saurin cinyewa, to ta yaya za'a ce soke mai ne ya kawo gyaran?

Kuma a zamanin man ne fa Hakkinen yayi ma Schumacher wancan obatekin na Spa 2000, Zonta a tsakiya ɗaya yabi dama ɗaya yabi hagu. A zamanin man ne Suzuka 2005, Alonso ya zagaye Schumacher ta waje a kwanar 130R, Raikkonen ya taso daga na 17 ya wuce Fisichella a zagayen ƙarshe. Ɗaya irin waɗannan yafi min goma na danna maɓalli fiffike ya buɗe a wuce mutum a miƙe tun kafin a taka birki.

Abinda ni nake kewa ma ba obatekin bane, gudu ne tsagwaronsa. Hangari 1998, McLaren biyu a gaba Schumacher na uku a hanyar da ba'a wuce mutum, Ross Brawn mai tsara dabarar Ferrari ya juya tsarin zuwa tsayawa uku, wanda ke nufin sai Schumacher ya samar da tazarar wajen sakan 25 cikin zagaye 19, kowane zagaye kamar kwalifayin, har sai da ya ɗan sauka daga kwalta a kwanar ƙarshe saboda tsabar matsawa, kuma yaci. Eh na sani motar Hakkinen ta samu matsala ta tare abokin tim ɗinsa Coulthard, amma duk da haka sai da mutum ya tuƙa. Yau wa zai ce ma direba ka ƙure mota zagaye 19 a jere? Taya zata narke a na biyar. Kai tun 1957 ma abinda Fangio yayi kenan a Nürburgring, ya tashi da rabin tanki a Maserati, tsayawar ta ɓaci ya fito can baya, yayi ta karya tarihin zagaye har ya kamo Collins da Hawthorn na Ferrari ana saura zagaye ɗaya, yana ɗan shekara 46. Har yau ana lissafa shi cikin manyan tseren da aka taɓa yi, kuma shan mai ne ya haife shi.

Bakatsine_07:

Mai_Totur ka faɗi gaskiya wlh. Ni abinda ke ƙona min rai shine inji ana ce ma direba ya ɗaga ƙafa tun zagaye na goma. A dawo da mai kawai.

Injiniya_KD:

Bari in shigo ta ɓangaren lissafi, dan Baba da Mai_Totur kowa ya riƙe wani gefe na gaskiya amma ba'a taɓa rabin tambayar yaron ba, wato dabara.

Da farko me yasa ma ake son shan mai? Nauyi. A ƙiyasin da injiniyoyi ke amfani dashi duk kilo 10 na mai yana cin wajen kashi uku cikin goma na sakan a kowane zagaye, ya danganta da hanya. Duk wanda ya taɓa jan mota da lodi a but yasan yadda birki ke ƙara nisa kwana kuma tana jan mota waje taya na ɗaukar zafi, to haka abin yake. Kilo 110 da aka yarda dashi a 2019 kaga ya haura sakan uku a zagaye tsakanin farkon tsere da ƙarshensa. Wannan lissafin injiniya Gordon Murray yayi a tim ɗin Brabham a 1982, yaga in ka tashi da rabin tanki lokacin da zaka ci riba yafi wanda zaka ɓata a tsaye, 1983 manyan tim suka kwaikwaya, 1984 aka haramta, aka koma zamanin da mai ke ƙarewa mutane a hanya, har Prost ya sauko yana tura motarsa a Hockenheim 1986.

To amma ga inda mutane ke kuskure, suna ɗauka yawan tsayawa shine yawan dabara. In akwai shan mai, adadin da aka zuba maka shine ya yanke zagayen da zaka tsaya. Bazaka wuce shi ba dan mai zai ƙare, in kuma ka shigo da wuri ka ɗauki nauyin banza kayi asara. Wato an kulle ka tun kafin a tashi, lokacin da ake kwalifayin da man tsere ma tun ranar Asabar aka kulle ka. Sannan injin zuba man iri ɗaya ne ga kowa, na kamfanin Intertechnique, yana zuba wajen lita 12 a sakan, saboda haka ko wace tim akwai mai riƙe da agogo yana auna sakan nawa mesa tayi a jikin motar abokin hamayya, ya ninka da 12 ya raba da abinda mota ke sha a zagaye, ya faɗa maka zagayen da zata dawo. A 2009 ma FIA, hukumar dake kula da tseren, da kanta take buga nauyin motoci bayan kwalifayin, tun daren Asabar kasan wa zai fara shiga. Ina ɓoyo a nan?

Yanzu da babu mai, taya ce kaɗai ke kawo ka gareji, ita kuwa taya tana da sassauci, zaka iya shigowa da wuri ko ka ja ta, kuma a cikin tseren ake yanke hukunci ana kallon abinda ɗayan keyi. Lissafin ma ya juye, a da wanda ya daɗe a waje shi ke cin riba, yanzu wanda ya riga shiga ya saka sabuwar taya shi ke ci, abinda ake ce ma andakot. Mafi muhimmanci kuma shine bambancin taya yana ƙarewa ne a kan kwalta. Hangari 2019 Hamilton ya kasa wuce Verstappen, Mercedes suka kira shi tsayawa ta biyu ya fito da tazarar wajen sakan 20, yayi ta cinye ta zagaye bayan zagaye, amma sai da ya wuce shi da hannunsa a zagaye na 67 cikin 70. Sifen 2021 suka maimaita, Faransa 2021 Red Bull suka rama Verstappen ya wuce Hamilton ana saura zagaye ɗaya. Mai_Totur ka kwatanta da Hangari 1998 ɗinka, hanya ɗaya ce, ƙarin tsayawa ne duka biyun, direba ya ƙure mota duka biyun, amma ɗaya ya ƙare a bakin layin gareji ɗayan kuma ya ƙare mota biyu gefe da gefe. Ko Russell a Spa 2024, yana cikin mota yaji taya zata kai aka fasa tsayawa ta biyu ya riƙe Hamilton har tuta, daga baya aka soke sakamakon saboda motar ta gaza nauyi da kilo 1.5, amma irin wannan canza shawarar bazata yiwu ba in tankinka na rabin tsere ne.

Wani abu kuma, lokacin shan mai tsayawa kan ɗauki sakan 6 zuwa 10 kuma mesa ake jira, masu canza taya sun gama tuni suna tsugune. Yanzu aikin hannun makanikai ne zalla, McLaren sunyi 1.80 a Katar 2023, noti ɗaya ya ƙi fita ka rasa matsayi.

Maganar nauyi da Dan_Kurna ya kawo gaskiya ce, amma ba tanki bane babban mai laifi. Mafi ƙarancin nauyin mota da direba ba tare da mai ba kilo 605 ne a 2009, a 2022 ya kai 798, kusan kilo 200 kenan na batir da injin haibirid da manyan tayoyi da kayan kariya. Ko ka raba man gida biyu kilo hamsin da ɗoriya kawai ka rage a farkon tsere.

Hajiya_Sifid:

Sannunku da ƙoƙari. Ni abinda ban ji kowa ya ambata ba shine mutanen dake riƙe da mesar. Dan_Kurna ƙanina tunda kana shiga YouTube ka nemi Hockenheim 1994, mahaifin Max ɗin da kake kallo ne a cikin motar, Jos Verstappen a Benetton. Bakin mesar bai zauna daidai ba mai ya fantsamo ya wanke motar da makanikai, zakaga Jos ma yana kaɗa hannu yana so su ja baya, ɗan shiru kamar na sakan ɗaya sai wuta ta tashi ta rufe komai har baka ganin motar. An kashe ta cikin ƴan sakanni, ya ƙone a fuska dan ya ɗan ɗaga gilashin hularsa, wasu makanikan ma sun ƙone, daga baya bincike ya gano an cire filta daga injin zuba man. Shekarar farko kenan fa da dawo da abin. Kuma bai tsaya nan ba, Irvine a Spa 1995, Schumacher a Ostiriya 2003 wuta na ci a gefen motarsa yana zaune, Burazil 2009 Kovalainen ya fizgi mesa ya tafi da ita mai ya watsu ma Raikkonen dake bayansa wuta ta tashi, man har cikin idonsa kuma a haka ya ƙarasa tseren. Waɗannan makanikan ƴaƴan wasu ne mazajen wasu ne, ni bana son nishaɗina ya zama a kan fatarsu.

Sai Singafo 2008, wanda har gobe yana min ciwo dan ni Massa nake so a shekarar. Yana kan gaba yana tafiyarsa, motar tsaro, wadda ke rage ma kowa gudu in anyi hatsari, ta fito, ya shiga gareji aka kunna masa koriyar fitila mesa na maƙale, ya ja ta tsinke ta kayar da makaniki, yaje can ƙarshen layin gareji ya tsaya da ita tana jan ƙasa, makanikan Ferrari da jajayen kaya suka runtuma da gudu suka je suna ta kokawar cire ta, kowa na wucewa. Ya gama na 13 babu maki, ƙarshen shekara ya rasa kambu da maki ɗaya.

Kuma me ya fito da motar tsaron? Renault ce tasa Piquet ƙarami ya daki bango da gangan, bayan sun kira Alonso da ya tashi na 15 ya sha mai tun zagaye na 12. A dokar lokacin in motar tsaro ta fito ana rufe gareji na ɗan lokaci, wanda mansa ya ƙare dole ya shiga ya sha hukunci, abinda ya samu Rosberg da Kubica kenan. Sai a 2009 asiri ya tonu manyan Renault Briatore da Symonds suka bar tim ɗin. Ban ce mai ne ya koya musu cuta ba, amma tsarin da direba bazai iya jinkirta tsayawarsa ko da zagaye biyu ba shi ya bada wannan ƙofar.

Ga kuɗi kuma, ɗaukar injinan da ma'aikatansu a jirgi ƙasa ƙasa yana cikin dalilan soke shi, yanzu kuma tsere sama da 20 ake a shekara ga iyakar kashe kuɗi tun 2021. An taso da maganar a 2015 za'a dawo dashi 2017, tim ɗin da kansu suka duba suka watsar, Jean Todt shugaban FIA na lokacin ya sake tado ta a 2019 ita ma ta mutu.

Dan_Kurna44:

Kai masha Allah na ƙaru sosai, nagode Baba nagode Injiniya, Anti na kalli bidiyon Jos jikina yayi sanyi. Amma har yanzu abu biyu sun tsaya min. Ya akayi a IndyCar ta Amurka suna shan mai kuma ana obatekin sosai? Sannan irin su Monako fa, ba dole ta hanyar tilasta tsayawa kaɗai za'a motsa tseren ba?

Sabon_Gari_Indy:

Ni nake bin IndyCar bari in amsa ta farko. Can kowa shasi ɗaya, wato gangar jikin mota, yake amfani dashi na Dallara, injin kuma ko Honda ko Chevrolet, kaga motocin kusan kansu ɗaya, ga hanyoyi masu siffar ƙwai inda iskar na gaba janka take yi a miƙe, ga maɓallin ƙarin ƙarfi a sauran hanyoyin, ga tutar rawaya da ake ɗagawa in anyi hatsari a rage gudu dake haɗe su akai akai. Waɗannan ne ke kawo obatekin ba mesa ba. Kuma masu cewa shan mai zai kashe ɗaga ƙafa su zo su kalla, a can tattalin mai sana'a ce guda, Scott Dixon da ita ya shahara, in ka iya jan tanki ka rage tsayawa ɗaya ka gama da kowa. Indy 500 ta 2016, karo na 100, Alexander Rossi sabon shiga yaci ta ne yana tafiya a hankali, mai ya ƙare masa a zagayen ƙarshe ya gangara ya tsallake layi sai janyo shi akayi. Ni naji daɗinta ƙwarai, amma ba ƙafa a kan totur bane daga farko har ƙarshe.

Injiniya_KD:

Ta Monako kuma an riga an gwada maka ɗan'uwa. A 2025 aka wajabta tsayawa biyu saboda abinda ya faru 2024. Me tim sukayi? Racing Bulls suka sa Lawson ya rage gudu ya tsare layi har Hadjar ya samu tazarar shiga gareji ya fito ba asara, Williams suka kwaikwaya Sainz da Albon kowa ya tsare ma ɗan'uwansa, Russell ya gaji ya yanke kwana ya wuce Albon ya karɓi hukunci. Norris, Leclerc, Piastri, Verstappen, yadda suka tashi haka suka gama. Motar mita 2 ce a titin cikin gari, ko sau biyar ka tsayar dasu in ba wajen wucewa babu.

Mai_Totur:

Anti Hajiya maganar wuta na karɓa hannu biyu, ba abin wasa bane, duk da a Le Mans awa 24 ake shan mai dare da rana, sai dai su dokarsu a kashe injin kafin a zuba kuma ba'a tsere da sakan ɗaya ɗaya a wajen kamar F1. Injiniya shima kwatancen Hangari biyun nan ya zauna min. Amma ka lura a 2019 ɗin Hamilton ya iya ƙure motar ne saboda zagaye 22 kawai suka rage masa tanki ya sauka taya sabuwa, wato yanayin da shan mai ke baka sau uku a tsere ɗaya shi ya samu sau ɗaya a ƙarshe. Katar 2023 da aka ce kar taya ta wuce zagaye 18 ai kunga yadda kowa ya taka daga farko har ƙarshe, direbobi suka fito a galabaice ga zafi. In baza'a dawo da mesa ba to a bamu taya da za'a iya matsa mata ba tare da ta narke ba, kuma a rage nauyi da gaske, dan dokar 2026 daga 800 zuwa 768 kawai ta sauko, faɗi kuma daga mita 2 zuwa 1.9. Har yanzu da kilo 163 tsakaninta da motar 2009.